Shekarar da Na Kai Mahaifiyarku Zawaciki

Yusuf da Zainab, akwai labarin da kuka taso kuka tarar a gidanmu na Jamus kamar yadda kuka tarar da kujerun falo, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ya zo. Labarin shi ne wai kakanku na Kano ya ƙi mahaifiyarku, ta je gaishe shi ya fizge hannunsa ya fita ya bar ta a durƙushe gaban mutane. Kun ji shi daga bakinta, kun ji shi daga bakin kawunnanku, kuma duk lokacin da ake ba da shi ina zaune da kofin shayi a hannu ban ce uffan ba. Kai Yusuf har ka taɓa ce min ko kyauta aka ba ka tikitin Kano ba za ka je ba. To yanzu na haura sittin, likita ya fara yi min magana a hankali kamar mai lallashi, don haka gara in faɗa muku abin da ya faru tun bakina yana motsi. Da Hausa nake rubutawa, duk da na san Hausarku ɗingishi take yi, saboda da Jamusanci na yi ƙaryar kuma ba na son in sake bi ta cikinsa. An fizge hannu, wannan gaskiya ne. Sauran labarin ni na ɓoye shi.

Kakanku Malam Sule lebura ne a wani kamfanin fata a Challawa. Ku dubi kalmar nan da kyau, lebura, domin ni na yi shekaru ban iya furta ta ba. Ya baro ƙauyenmu na wajen Jigawa yana saurayi, ya yi dako a wata masaƙa a Bompai, da ta rufe ya koma Sharada, daga ƙarshe ya dire a Challawa ya samu ɗan fili a Zawaciki ya gina ɗaki uku. Aikinsa shi ne ya tsamo fatun awaki da tumaki daga ruwan magani, ya shimfiɗa su, ya kankare gashi da ragowar nama. Ana ba su safar hannu ta roba, amma ba ta kwana biyu take hujewa, kuma shi Baba cewa yake in ya sa safa ba ya jin fatar, sai ya yanke ta a tsine masa. Saboda haka hannunsa ya koma wani abu dabam. Tafin ya yi kauri ya tsattsage, faratan sun yi shuɗi sun lanƙwashe, yatsu biyu na dama ba sa miƙewa gaba ɗaya. Ga kuma warin, wanda sabulu ba ya fitarwa. Mu da muka taso a cikinsa ba ma jin sa. Sai da na shiga makarantar kwana abokan ɗaki suka ce akwatina yana warin mushe, daga ranar na fara ji, kuma ban sake dainawa ba.

Akwai wani abu kuma da ku da aka haifa a Turai ba za ku sani ba sai an faɗa muku. Ni ne ɗan fari, kuma a wurin mutanenmu iyaye suna jin kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zaunar da ni ya yi hira da ni ba. In yana nemana sai ya kira ƙanwata Rabi ya ce, ina wancan? Inna ma haka, duk maganar da za ta yi min ta bakin Rabi take bi, ko da kuwa ina tsaye a gabanta. Ba ƙi ba ne, a wurinsu nuna son ɗan fari a fili rashin ta ido ne. Ranar da zan tafi karatu waje bai ce min komai ba, amma sau uku yana kwance igiyar jakata yana sake ɗaurewa. Kunyar da ke tsakanin mutum da matar ɗansa kuwa ta fi wannan nauyi. Matar ɗa daga nesa take durƙusawa ta gaida suruki, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefen. Ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa zama ɗaki ɗaya, taɓa jiki kuwa ba a ma kawo shi a rai.

Mahaifiyarku Emine kun san ta fiye da yadda zan kwatanta. Lokacin da muka haɗu tana aikin jinya a asibitin da nake gyaran na'urori, yarinya mai saurin dariya da saurin kuka. A ƙauyen Turkiyya aka haife ta, aka kawo ta Jamus tana ƙarama, mahaifinta ya ƙarar da ƙarfinsa a kamfanin narka ƙarfe. Ranar da na je neman aurenta ita da kanta ta koya min yadda ake yi a wurinsu: ka kama hannun babba da hannu biyu, ka sumbace shi, ka ɗora a goshinka. Na yi, tsohon ya dafa kaina, aka ce na shiga gida. Ta gaya min kuma cewa in babba ya hana ka hannunsa, to ya ce kai ba nasa ba ne, kuma magana ta ƙare. Na san wannan sarai tun kafin mu hau jirgi, kada wani ya ce muku mantuwa na yi. A farkon haɗuwarmu ta taɓa tambayata aikin Baba.

"A kamfanin fata yake," na ce.

"Yana me?"

"Manaja ne."

Kalma ɗaya ce, ta fito kafin in yi tunani. Abin dariya, ga ubanta can yana tari saboda hayaƙin ƙarfe kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba, amma ni ɗan boko mai takardu na ga ba zan iya ba. Na ce a raina Kano da nisa, wa zai je ya duba?

Shekara uku da aurenmu ta matsa sai mun je ta ga iyayena. Tana da cikinka wata huɗu, Yusuf, ta ce ba za ta haifi jikan mutane ba su san fuskarta ba. Na kawo dalilin zafi, na kawo na sauro, na kawo na aiki, duk ta ture. Ta ɗinka dogayen riguna, ta sayo wa Inna mayafi, ta sayo wa Baba agogon hannu irin wanda ya dace da manaja. A cikin jirgi ta yi ta maimaita "ina wuni" da "lafiya lau" har maƙwabcin kujerarmu ya haddace. Na koya mata yadda ake cewa an ƙoshi, na koya mata kada ta karɓi abu da hagu. Maganar hannu kuwa ban taɓo ta ba, domin in na taɓo ta sai na yi bayanin hannun Baba, in na yi bayanin hannun sai manaja ya rushe. Abin da na yi kawai shi ne na bugo wa Rabi waya tun kafin mu taso na ce a gaya wa Baba ya nemi hutu, kuma kada ya shigo gida da kayan aiki.

Da damina muka sauka. Gidan da na bari ba shi na tarar ba. An shafe ɗakin tsakiya da farin fenti, an shimfiɗa sabuwar leda, an sa gado da gidan sauro, an yi wa banɗaki siminti har da ƙofar langa-langa mai sakata. Rabi ta raɗa min cewa Baba da kansa ya yi simintin, kullum in ya dawo daga aikin safe, kusan wata biyu. Matan unguwa sun cika tsakar gida, aka rangaɗa guɗa, Inna ta kama Emine ta zaunar da ita kan tabarma kusa da ita tana shafa bayanta. Nan take suka raɗa mata suna Amina, suka ɗaura mata ɗankwali, suka yi ta dariyar yadda take cin tuwo da yatsu biyu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ita ma dariyar take, ba ta jin ko kalma ɗaya amma fuskarta cike da murna. Duk abin da aka faɗa sai a juyo a dube ni, in juya shi zuwa Jamusanci, in dawo da amsa. Ba ta jin Turanci, su ba sa jin komai sai Hausa. Ni kaɗai ne ƙofar da ke tsakaninsu.

Baba bai shigo ba sai bayan la'asar. Ya sa farar babbar riga ta sallah, ya zuba turare har yana hawa kai, ya cusa hannayensa biyu cikin rigar. Ya yi sallama ya tsaya daga bakin zaure, bai ƙaraso tsakar gida ba, yana kallon randar ruwa. Matan suka gyara mayafi. Abin da kowa ke jira shi ne Amina ta durƙusa daga inda take ta ce ina wuni, ya amsa ya sa albarka ya juya. Na ce mata a hankali, ga Baba nan. Kafin in ƙara wata kalma ta miƙe, ta ratsa tsakar gidan da saurinta na ma'aikatan asibiti, ta durƙusa dab da ƙafarsa, ta sa hannu biyu ta zaro hannunsa na dama daga cikin riga ta nufi bakinta da shi.

"Subhanallahi!" in ji Baba.

Ya fizge hannun kamar ya taɓa wuta, ya ja da baya har ya bugi ƙyauren zaure, ya fice. Takalminsa ɗaya a nan ya bar shi. A tsakar gida wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi, 'yan matan da ke bakin madafa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Emine tana nan a durƙushe, hannuwanta a buɗe. Ta juyo ta dube ni, fuskarta ta yi fari fat.

"Me na yi?" ta tambaye ni.

"Ba ki yi komai ba," na ce. "Haka yake."

Inna ta ga hawayen da suka fara zubowa, hankalinta ya tashi. Ta juya wajen Rabi, duk da ga ni a gabanta.

"Rabi, ki ce masa ya gaya mata kunya ce. Ya ce mata mu nan suruki ba ya haɗa jiki da matar ɗa, girmamawa ce ba wani abu ba. Kada yarinyar mutane ta sa abu a ranta, ga ta da juna biyu."

Emine ta ce, me Inna take cewa? Na ce, ta ce kin gaji, ki shiga ki huta.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Gaskiyar ita ce a daidai lokacin da Baba ya fice, wani sanyi na ji a raina, irin na wanda aka sauke wa kaya. Na ga in ta ɗauka ba ya son ta, ba za ta sake matsawa kusa da shi ba, ba za ta ce a kai ta ofishinsa ba, ba za ta ƙare wa hannun kallo ba. Kunyar Baba ta zame min katanga kyauta, ni kuma na jingina da ita. Ina jin ƙyamar kaina yanzu da nake rubuta wannan, amma a ranar daɗi na ji.

Kwana uku muka yi a gidan. Hutun da aka ba Baba kwana biyu ne, ya ƙarar da su a zauren maƙwabci. Can ake kai masa abinci. Ya riƙa aiko Rabi da balangu, da kilishi, da ayaba, ta ajiye a gaban Emine ta ce daga Baba, ni kuma in ce an kawo miki. Agogon da ta sayo masa ta miƙa min ta ce in ba shi da kaina tunda ita ba ya son ganinta. A rana ta uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanar da ke fitowa daga kamfanoni ta cika ta tumbatsa, iska ta kwaso warin ta shigo da shi har ɗaka. Mai ciki ba ta iya riƙe irin wannan. Emine ta fito da gudu ta durƙusa bakin rariya tana amai, kuma daidai lokacin Baba ya dawo daga aiki ya jingine kekensa a zaure. Na ga inuwarsa ta tsaya, sannan ta juya ta koma waje. Ya ɗauka shi ne ya jawo. Ni kuwa na samu abin da nake nema, na ce lafiyarta ba za ta ɗauki unguwar ba, za mu koma otal a Bompai.

Rabi ta tare ni a zaure ina fitar da jakunkuna. Rabi ba ta da kunyar kowa, tun tana ƙarama bakinta ya fi ta girma.

"Yaya, wai kai me ke damunka ne? Ɗakin nan wata biyu ana wahala a kansa, kwana uku kacal za ka kwashe ta?"

"Ba ki ga tana amai ba? Warin nan ba ta iyawa."

"Duk mai ciki a unguwar nan amai take yi, kuma haihuwa suke lafiya lau. Ita ta ce maka ba ta iyawa, ko kai ne ba ka iyawa? Warin da aka yi maka kuɗin makaranta da shi?"

"Rabi, ki iya bakinki."

"Na iya. Amma ka gaya mata abin da Inna ta ce? Don ni dai na ga maganar Inna doguwa ce, taka kuwa gajeriya."

Na ɗauki jaka na wuce ta. Inna ta ƙulla wa Emine kuka da daddawa a leda, ta raka mu har bakin mota tana ta sa albarka, idonta ja.

A otal Emine ta daina amai, ta kuma daina dariya. Tana zaune bakin taga tana kallon manyan motoci suna shiga kamfanonin Bompai suna fita. Na kai ta kasuwa, na kai ta ta ga ganuwa, duk ba ta sake ba. Sau biyu muka koma Zawaciki da hantsi, lokacin da na tabbata Baba yana wurin aiki, ta zauna da Inna suna murmushi da nuni da hannu. Wata guda muka yi niyyar yi. A kwana na takwas ta ce min, in uban miji bai karɓe ta ba zaman me take yi a garinsa? Ta ce ba ta jin haushin kowa, amma tana son ta koma wurin mahaifiyarta. Na je na canza tikiti, ban ko yi mata gardama ba.

Ana gobe za mu tashi, wajen ƙarfe huɗu na yamma, mai gadin otal ya hawo ya ce wani dattijo yana nemana a bakin ƙofa, ya ce a shigo da shi ya ƙi. Na sauka. Baba ne, riƙe da kekensa. Kayan aiki ne a jikinsa, shuɗiyar riga da duk ta dafe, ƙafar wando a jiƙe, takalman roba a ɗaure bayan keken. Daga Challawa ya taso kai tsaye bayan an tashi aikin safe, ya ratso gari gaba ɗaya da keke, mutumin da ya ba sittin baya. Tun daga taku biyar na ji warin, na ga mai gadin ya ɗan matsa gefe. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon kan keken, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya yi min doguwar magana, ni da shi, ba Rabi a tsakani.

"An ce gobe za ku tafi."

"E, Baba. Jikin nata ne."

"Akwai wani Balarabe da ke duba mana injuna. Na sa an tambayar min shi abin nan da yarinyar ta yi. Ya ce su ma can wajensu ana yi. Ya ce girmamawa ce babba, kuma wai in dattijo ya hana hannu, ya kori mutum daga gidansa kenan." Ya gyara riƙon keken. "Ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kwana biyu ban iya cin abinci ba da na ji."

Na ce ba komai Baba, ta fahimta.

"A'a, ka gaya mata da kyau. Ka ce mata 'yata ce, gidan nan gidanta ne. Ka ce nauyinta na ji, haka muka tarar ana yi. Sannan kuma hannun nan nawa ba abin da mutum zai kai bakinsa ba ne, balle mai juna biyu."

Sai ya saki keken ya jingina da cinyarsa, ya buɗe min hannayen. Ya dirje su da toka da lemon tsami har fatar ta saluɓe a wasu wuraren, tsagogin sun yi ja suna tsattsafo da jini.

"Na wanke su iya iyawata. In al'adarsu ce, ta sauko ta yi, ba zan janye ba. Allah ya ga zuciya. Kada ta koma ƙasarsu da wannan a ranta."

Ku da ba ku san mutanenmu ba ba za ku gane girman abin da ya sauke a bakin ƙofar nan ba. Dattijo irin Baba ya yarda matar ɗansa ta kama hannunsa a bakin titi, gaban mai gadi da masu wucewa, ya fi masa wuya a kan ya yi wata guda yana aiki ba hutu. Ya zo ya ajiye kunyarsa ta shekara sittin a ƙasa saboda yarinyar da bai san ko kalma ɗaya ta harshenta ba. Ni kuma na dubi rigar, na dubi takalman roba, na tuna matakala goma sha wani abu ce kawai tsakaninsa da ɗakin da Emine take.

"Tana barci, Baba," na ce.

"Sai in jira."

"Likita ya ce kada a tashe ta in ta samu barci."

Ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, wanda ban taɓa samu daga gare shi ba sai ranar. Sannan ya sunkuya ya dubi rigarsa. Baba bai yi boko ba amma ba wawa ba ne. Ya mayar da hannayen kan keken a hankali.

"To. Ka dai gaya mata."

"Zan gaya mata."

"Allah ya sauke ta lafiya. Allah ya kai ku lafiya."

Ya tura keken sai da ya yi nisa da ƙofar otal kafin ya hau. Na koma sama na tarar da Emine tana ninke kaya a akwati. Ta ce wa ke nemanka? Na ce direban da zai kai mu filin jirgi ne.

Na yi niyyar faɗa mata a cikin jirgi. Da muka sauka na ce sai ta haihu, da ta haihu na ce sai ta yi arba'in, daga nan kullum maganar sai ƙara nauyi take, domin yanzu ba ƙaryar manaja kaɗai zan amsa ba, har da ta bakin ƙofa. Duk sanda na bugo waya gida, Rabi takan ce Baba ya ce a tambaye ka ko ka isar da saƙo. A karo na uku na ce na isar. Ta ce me ta ce? Na ce ta ce ba komai, ta gode. Na ji muryarsa daga nesa yana cewa alhamdulillahi. Yusuf yana shekara uku ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, kafin in samu jirgi an kai shi. Ni kaɗai na je ta'aziyya. Mahaifiyarku ta haɗa min kaya, ta yi masa addu'a yadda ake yi wa kowane Musulmi, amma ba ta zubar da hawaye ba, kuma ba ta sake taka Kano ba har Inna ma ta bi shi. Ku kuka tashi ba ku san kowa a can ba sai muryar Rabi a waya ranar sallah.

Bara, a makon ƙarshe na jinyar mahaifiyarku, wata safiya kun fita neman abin karyawa kuka bar mu mu biyu. Ta ce in ɗaga mata matashi. Da na gyara mata sai ta ce tana son ta sauke duk abin da ke ranta kafin ta tafi, kuma akwai mutum ɗaya da ta daɗe tana riƙe da shi.

"Na yafe wa babanka," ta ce.

Na kasa ɗaga kai.

"Ka san abin da ya fi yi min ciwo? Na riƙe hannun nan kafin ya fizge. Hannun babana ne sak, har ya fi shi lalacewa. Tun a ranar na san ba manaja ba ne. Ban yi maka maganar ba don na ga kana jin nauyi, na ce wata rana za ka faɗa da kanka. Amma na yi zaton mutumin da ya ci wuya irin ta babana ba zai raina 'yar lebura ba. Shi ne abin da na kasa haɗiyewa." Ta numfasa. "Yanzu dai ya wuce. Allah ya jiƙansa."

Ashe katangar da na yi shekara kusan talatin ina tokarewa ba ta taɓa rufe komai ba. Ta sani tun ranar farko, ta rufa min asiri, ni kuma na bar ta da ciwon da kalma goma za su warkar. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na dubi yadda ta rame, na ga kwanakin da suka rage ba su da yawa, tsoro ya kama ni kada ta tafi tana fushi da ni. Na ce mata amin, Allah ya saka miki da alheri. Na bar ta ta tafi tana yafe wa mutumin da bai yi mata laifin komai ba, mai laifin kuma yana zaune a gefen gadonta yana gyara mata bargo.

Wannan shi ne abin da ya faru. Kakanku bai ƙi mahaifiyarku ba, ya ratso Kano da keke don ya ce mata 'yarsa ce, saƙon ya maƙale a wurina. Ba na neman ku ce min "ba komai", na riga na san yadda kalmar nan take da arha. Gwaggonku Rabi tana nan da ranta a Zawaciki, a ɗakin tsakiya, bakinta bai mutu ba. Ku je ku zauna da ita ku tambaye ta wane ne Malam Sule. Ku nemi wani ya yi muku tafinta, kada ku tafi da ni.